Kamu Uku

Ina kan dabino, ina saran nono,
na ji shi tun kafin in gan shi.
Ba kukansa na kullum ba ne.
Tari yake, ya yi shiru, ya sake tari,
kamar injin ban-ruwan Sallau in mai ya ja baya.

Mun saba da shi, ɗan farin jirgin nan
da bai fi a-kori-kura tsawo ba.
Da hantsi yake ratsowa ta kanmu,
ya kewaya, ya koma wajen Dutse, ya sake dawowa,
har yaran ƙauyenmu sun gaji da ɗaga masa hannu.
Aka ce masu koyo ne a ciki.
Na ce ashe sama ma akwai 'yan koyo.

Ran nan bai koma ba.
Ya yi ƙasa-ƙasa, ya tsallake kukar Barira da ƙyar,
ya duba gabas, ya duba yamma,
duk faɗin ƙasar Kiyawa
sai gonar riɗina ya zaɓa.

Ƙafar gaba ce ta riga taɓawa.
Ya yi tsalle kamar ɗan akuya, ya dawo,
ya sake tsalle,
a na uku kunya ta riƙe shi,
ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya tana kallon Allah.
Sai shiru.
Har balbelu suka fasa tashi.

Ban yi gaggawar sauka ba, kada a ce ban da imani.
Babana Hambali ya taɓa ce mini,
ranar da ya fara ɗaura mini igiya a ƙugu:
hawa ko ƙadangare ya iya,
sauka ake koyo.
Ban ji ba. Ina da shekara sha biyar
na faɗo, saura kamu uku in taka ƙasa.
Ba a ƙololuwa ake faɗuwa ba,
sai an hango gida,
zuciya ta riga ƙafa isa.
Har yau ƙuguna na tuna mini in hadari ya haɗo.

Na tarar da su biyu sun fito.
Babban, mai furfura a gemu, yana riƙe da wuyan hannunsa
kamar wanda ya tsinci tsuntsu.
Yaron, Munzali aka kira shi,
sa'an Tasi'una ne, ko ya girme shi da damina ɗaya,
jini na bin girarsa bai sani ba.
Ya zauna a kan kunyar da ta karya jirginsa,
wata kunyar kuma ta hana shi ɗaga kai.

Malamin bai yi faɗa ba.
Ya ce, ka rufe mai, ka kauce wa itace,
hancin kawai ka saki da wuri.
Yaron ya ce, na ga ƙasa ta matso ne.
Ban san sa'ad da na ce masa, haka take yi ba.

Na kwance bakin buhu na miƙa masa dabino bakwai.
Hannunsa na rawa, biyu suka zube.
Ya ci ɗaya, ya riƙe ƙwallon a tafinsa
har motarsu ta iso da la'asar.

Kunya goma sha huɗu suka lalace, na ƙirga.
Wani mai takarda ya rubuta, ya ce za a neme ni.
Wajen da man ya tsiyaya
ko ciyawa ba ta sake fitowa ba.

Jiya wani farin ya ratso da hantsi,
ya karkata fiffike daidai kan gonata.
Ban san ko shi ne ba.
Na daina sara, na rungume itacen,
na bi shi da ido har ya fara yin ƙasa wajen Dutse,
ina ce masa a raina:
a hankali, yaro, saura kamu uku.